Bikin Dashen Itatuwa na 3 ga Agusta a Nijar: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da zarar damina ta kankama, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa daga bakin malaman makaranta, shugabannin ƙungiyoyin samari, manoma da masu gida a birni. Wasu kan tarihin ranar suke tambaya, amma mafi yawa damuwarsu ɗaya ce: mun dasa bara, mun dasa bara waccan, ina itatuwan suke? Na tattara tambayoyin a nan, na sa musu lamba domin a iya komawa daga wannan zuwa waccan.

1. Mene ne wannan biki, kuma yaushe aka fara shi?

Ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta samu 'yancin kai daga Faransa. Shekara goma sha biyar bayan haka, a 1975, gwamnatin Seyni Kountché ta haɗa wannan rana da dashen itatuwa. Ƙasar ta fito ke nan daga farin da ya kama Sahel tun daga 1968 har 1974, wanda ya ƙarar da garkuna, ya kori mutane daga garuruwansu, ya bar dazuzzuka tsaye a bushe. A cikin waɗannan shekaru ne ma, a 1973, wata babbar mota ta ture itacen nan ɗaya tilo na hamadar Tenere da ayari suke gane hanya da shi, aka kwaso gungumensa zuwa gidan tarihi na Yamai.

Tun daga lokacin shugaban ƙasa yakan dasa itace da hannunsa a wannan rana, gwamnoni da magadan gari da sarakuna su yi haka a yankunansu, a kuma ba da kyaututtuka ga waɗanda suka yi fice wajen yaƙi da hamada.

2. Me ya sa ake dashe a Agusta? Bai yi latti ba?

Agusta shi ne watan da ruwa ya fi sauka a kudancin Nijar da arewacin Najeriya. Ƙasa ta sha ta ƙoshi, rana ta yi sauƙi, ciyawa ta wadata har awaki ba su cika damuwa da ɗan dashe ba. Ta wannan fuska ranar ta faɗo daidai.

Amma gaskiyar magana, 3 ga Agusta ta fi kusa da ƙarshen lokacin dashe fiye da farkonsa. Ruwa yakan ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, saboda haka dashen da ya shiga ƙasa ranar biki mako bakwai ko takwas kawai gare shi ya kafa saiwa kafin rani. Idan damina ta zauna a garinku tun tsakiyar Yuli, kada ku jira. Ku dasa mafi yawa da wuri, ku ajiye kaɗan domin ranar taro. A wuraren da ruwa ya yi ƙaranci, kamar Agadas da arewacin Tawa, ranar ba ta sauya komai: dashe ba ya rayuwa sai da ban ruwa (duba tambaya ta 9).

3. A Nijar kaɗai ake ware wa itace rana?

A'a. A jihar Nebraska ta Amurka an yi irin wannan rana tun 10 ga Afrilu 1872. Ghana ta fara ranarta ta dashe a watan Yuni 2021, Kenya kuma ta ba da hutun ƙasa baki ɗaya ranar 13 ga Nuwamba 2023 domin mutane su fita dashe. A arewacin Najeriya babu rana guda da kowa ya sani, jihohi ne suke ƙaddamar da gangamin dashe kowace damina. Abin da ya bambanta Nijar shi ne an ɗaura itacen a jikin ranar 'yancin ƙasa kanta.

4. Ni ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Yaya zan yi bikin a unguwarmu ko makarantarmu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mako biyu kafin ranar ku zauna ku amsa tambayoyi uku: a ina za a dasa, wa ya ba da izinin wurin, kuma wane ne mai kowane itace? Ta ukun ita ce mafi muhimmanci. Kada a dasa itace ko ɗaya da ba a ambaci sunan mai kula da shi ba. Wanda ke ƙofar masallaci na ladan ne, wanda ke bakin titi na mai shagon da ke kusa ne, wanda ke harabar makaranta na aji kaza ne, da sunan malamin ajin.

Makarantu suna da matsala ta musamman, domin a Agusta ɗalibai suna hutu. Yara su zo ranar biki su dasa, sannan wurin ya zama kufai har watan Oktoba. A nemi mai gadi ko iyayen da ke maƙwabtaka su riƙe amanar har a koma karatu.

Ku ƙidaya kariyar da kuke da ita kafin ku ƙidaya dashe. Idan shinge ashirin kuka iya tanada, dashe ashirin za ku karɓa, ko da an ba ku ɗari kyauta.

5. Wane itace ya kamata in dasa?

Wurin ne zai gaya maka. A gona, babu kamar gawo. Halinsa ya saɓa wa na sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi kore shar ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya. Dabbobin su kwanta a gindinsa su bar taki, ganyensa ya ruɓe a ƙasa, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake yake yi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili tsayi da kauri. A Damagaram har yau ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu ya sa a kan mai sare gawo. Sai dai dashen gawo yana da wuyar sha'ani, saiwarsa doguwa ce kuma ba ta son a taɓa ta, shi ya sa renon wanda ya fito da kansa ya fi sauƙi (duba tambaya ta 10).

A gida, mace za ta fi kowa sanin amsa: zogale, wanda ake fara tsinkar ganyensa cikin 'yan watanni, sai lemun tsami, gwaiba, da mangwaro mai aure inda ruwa bai yi zurfi ba. Kuka ma ana iya dasa ta saboda miya, ba sai an jira ta zama uwa ba, ganyen ƙaramar kuka yana shiga tukunya tun shekarar farko. Akwai kuma magarya mai aure, wadda cibiyar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta taimaka wajen yaɗawa, 'ya'yanta manya ne masu nama kuma suna da kasuwa.

A fili mai tsauri da makiyaya, a nemi masu jure wuya: aduwa, bagaruwa, magarya, kurna, da dakwara mai ba da ƙaro. Tsamiya da ɗorawa da kanya da maɗaci suna jinkirin girma, wanda ya dasa su jikokinsa ya yi wa, kuma ina ganin bai kamata a yi biki ba tare da an sa ko da biyu ko uku daga cikinsu ba, domin su ne suke ɓacewa daga ƙasarmu ba tare da magaji ba.

6. Dogon yaro fa? Na ga shi aka fi rabawa.

Dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi ko darbejiya, baƙo ne daga Indiya, amma ya zama ɗan gida. Yana da saurin girma, yana jure fari, awaki ba sa rububinsa kamar sauran, inuwarsa kuma ba ta yankewa. A bakin titi, kasuwa, tasha da maƙabarta ya cancanci wurinsa. A tsakiyar gona kuwa yana danne shuka, kuma kusa da gini saiwarsa tana fasa katanga da masai. A ba shi taku bakwai ko takwas daga bango.

Itacen turare yana ba da dogayen sanduna na rufi, amma mashayin ruwa ne, kada a kai shi kusa da rijiya ko lambu. Itacen ƙayar nan da ake kira prosopis, wanda aka shigo da shi domin tsayar da rairayi, ya mamaye wurare masu yawa a bakin tafkin Chadi har ya toshe gonaki da hanyoyin jiragen ruwa. A fadama ko bakin tafki, a guje shi.

7. A ina zan samu dashe? Zan iya renonsa da kaina?

Ma'aikatan gandun daji suna da wuraren renon dashe, kuma gab da biki akan raba ko a sayar da rahusa. Akwai masu renon kansu a bakin gulbi da gefen manyan tituna. Idan za ka zaɓa, kada tsayi ya ruɗe ka. Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa takan nannaɗe a ƙasan ledar ko ta huda ta shiga ƙasa, irin wannan ko ya rayu ba ya yin ƙarfi. Wanda bai wuce gwiwa ba, mai kaurin jiki da koren ganye, shi ne abin ɗauka.

Reno a gida ba wuya. A watan Maris ko Afrilu a cika ledoji da rairayi da ruɓaɓɓen taki, a huda ƙasansu, a jera a inuwa. Ledar ruwan sha da aka yar ma tana yi wa ƙananan iri. Iri mai taurin ɓawo, kamar kuka, gawo da bagaruwa, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, ko a ɗan kankare gefensa, kafin ya tsiro da wuri. Irin dogon yaro kuwa ba ya ajiyuwa, cikin 'yan makonni yake mutuwa, sabo ake shukawa. Mako biyu kafin dashe a rage ban ruwa a fito da ledojin rana domin su saba.

8. Yaya ake dasawa daidai?

A haƙa rami kamu ɗaya a faɗi, kamu ɗaya a zurfi, wato kusan santimita 40 zuwa 50, kuma ya fi kyau a haƙa shi kwanaki kafin ranar domin ya sha ruwan sama. Ƙasar sama a ware ta gefe guda, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, ita za ta fara komawa ramin. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara.

A yanke gindin ledar da reza, a tsaga gefenta, a zare ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta wargaje ba. Na sha tono dashen da ya bushe in tarar da ledarsa lafiya lau a jikinsa, saboda yaron da aka miƙa wa ba wanda ya nuna masa. A saka dashen daidai zurfin da yake a leda, kada a binne wuyansa. A taka ƙasar da ƙafa ta zauna, a bar ɗan kwari kewaye da shi domin tara ruwa, a zuba bokiti guda ko da an yi ruwa jiya. Da yamma ya fi, ko da sassafe. Taron da ake jiran manyan baƙi har rana ta take, dashe na zube a fili, dashen ne yake biyan kuɗin jiran.

9. Me ya sa yawancin abin da ake dasawa ranar biki ba ya kaiwa baɗi?

Abu huɗu ne: akuya, ƙishirwa, gara da rashin mai shi. Na ƙarshen shi ne uban sauran (duba tambaya ta 4).

Da an gama girbi aka saki dabbobi, duk wani kore da ke fili ya zama abinci. Kariya dole ce, kuma a ranar dashe ake sa ta. Kowa da abin da ya samu: kewayen ƙaya, kwandon kara ko na kaba, tubalin da aka jera da tazara domin iska, tsohuwar ganga da aka cire wa gindi, ko ragar waya ga mai hali. Tsayinta ya kai ƙirjin mutum, domin akuya tana miƙewa da ƙafa biyu. Za a riƙe wannan kariya shekara biyu zuwa uku, har kan itacen ya fi ƙarfin baki.

Ban ruwa kuma daga Nuwamba har saukar damina ne, kuma watannin bazara, Maris zuwa Mayu, su ne masu kisa. Bokiti guda sau biyu a mako ya fi ɗan yayyafi kullum, domin ruwa mai yawa yana nutsewa saiwa ta bi shi ƙasa. Inda ruwa ke da tsada, a binne ƙaramin tulu marar shafe kusa da dashen, a cika shi a rufe bakinsa, zai riƙa tsatsowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin hatsi duk suna yi, shi ya sa itacen masallaci da na tsakar gida suka fi na fili rayuwa. A rufe gindin da busasshiyar ciyawa, amma kada ta taɓa jikin itacen. Gara ta fi kama dashen da ƙishirwa ta riga ta raunana, toka a kewayen gindi tana taimakawa.

10. Ana cewa akwai hanyar samun itatuwa ba tare da dashe ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ita ce babbar nasarar da Nijar ta samu a wannan fage. Manoma suna kiranta sassabin zamani. A da, manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya sare duk wani toho ya ƙone. Amma kututturen kalgo, sabara, gawo da magarya suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, da saiwoyi masu zurfi da suka shekara da shekaru suna shan ruwa. Duk shekara suna tohowa, duk shekara ana sare su.

A farkon shekarun 1980 wani malamin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a yankin Maraɗi, ya gaji da ganin dashensa yana mutuwa, sai ya lura da waɗannan kututture. Shi da manoman yankin suka fara gwadawa: a kowane kututture a zaɓi toho ɗaya zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a sare sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi ana yankowa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka karɓa, daga baya abin ya riƙa tafiya daga gona zuwa gona, maƙwabci yana gani wurin maƙwabci. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun kiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye sun kafa kwamitocin tsaro na kansu domin hana sara da dare. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso.

Toho daga tsohon kututture ba ya bukatar leda, rami ko ban ruwa, kuma cikin shekara biyu ko uku ya wuce tsayin mutum. Ga mai gona, shawarata ita ce ranar 3 ga Agusta ya zagaya gonarsa ya ɗaura ƙyalle a jikin tohon da zai bari. Dashe kuma a kai shi inda babu kututture, ko inda ake son irin da ba ya fitowa da kansa.

11. Idan na rena itace a gonata, nawa ne ko na gandun daji?

Wannan tsoro ne mai tushe. Tun zamanin Turawa doka ta ɗauki itatuwa masu daraja a matsayin na hukuma, manomi yana iya shan tara a kan reshen da ya sara a gonarsa. Sakamakon haka mutane suka gwammace kashe toho tun yana ƙarami. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 sun fara sassauta wannan, sannan a watan Yuli 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da doka ta musamman da ta amince cewa manomin da ya rena itace ta hanyar sassabin zamani yana da haƙƙin cin moriyarsa. Duk da haka akwai itatuwan da doka ta kare, gawo yana cikinsu, kuma kayar da babba gaba ɗaya yana bukatar izini. Kafin gatari ya taɓa gindi, a je a ga ma'aikacin gandun daji na yankin.

Gonar aro ko ta jingina kuwa wata magana ce. A al'adarmu dasa itace alama ce ta mallaka, mai gona yana iya ɗauka ana shirin ƙwace masa. A nemi yardarsa a gaban mai gari ko shaidu, a faɗi wa zai ci 'ya'ya, wa zai ɗauki itace. Mata da yawa da ke noma gayauna a gonar miji suna cikin wannan hali, kuma ya kamata maigida ya furta a fili cewa abin da ta dasa nata ne.

12. Filinmu faƙo ne, ruwa ba ya shiga. Akwai dabara?

Akwai rabin wata da tassa. Rabin wata rami ne mai siffar jinjirin wata, faɗinsa kamar taku huɗu, ana haƙa shi bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a tara ƙasar a bayansa ta zama ganuwa. Ana jera su a saɓa, wanda ya kubce wa na sama ya faɗa na ƙasa. Itacen yana shiga cikin kwarin, a watsa irin ciyawa a kewaye. Tassa ƙananan ramuka ne da ake zuba wa taki tun rani, an fi yin su don gero, kuma manoman yankin Tawa sun dawo da faƙo mai yawa da su. Sau da yawa irin itace da ke cikin kashin dabbobi yakan tsiro a ramin da kansa, sai a rene shi kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 10. Duk wannan haƙa aikin rani ne, a gama shi kafin ruwan farko.

13. Addini ya ce wani abu game da dashe?

Ya zo a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. A wani hadisin da Imam Ahmad ya ruwaito, ya yi umarni cewa idan Alƙiyama ta tsaya alhali akwai dashen dabino a hannun ɗayanmu, in zai iya dasa shi kafin ta tsaya to ya dasa. Limamin da ya yi huɗuba a kan wannan a Juma'ar da ke gaban biki, ya kuma sa aka juya magudanar alwala zuwa gindin dashe, ya yi wa unguwa babban aiki.

14. Bayan shekaru masu yawa ana biki, an ga amfaninsa?

An gani, inda aka haɗa dashe da tsaro. A kwarin Majiya da ke yankin Buza, daga 1975 aka fara jera layukan dogon yaro domin karya iska, aka ɗauki masu gadi, kuma layukan sun rayu har suka kare gero daga iskar da ke binne shuka, mutane suka samu sanduna da itacen girki. Inuwar da ke titunan Maraɗi, Damagaram da Dosso mutane ne suka dasa ta. A gefe guda, kurmin da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 ya sha sara da yankan filaye har ya ragu ƙwarai, domin birni ya yi girma kuma kurmin ba shi da mai tsaya masa.

Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, ta ratsa Nijar da jihohi 11 na arewacin Najeriya, daga Kebbi da Sakkwato har Borno. Ita ma da farko layin dashe aka zana, daga baya aka koma ga gyaran ƙasa da renon abin da ke fitowa da kansa. Da ni ake tambaya, da na ce a riƙa ƙidaya itatuwan biki a watan Mayu, a kuma ba da kyauta a kan waɗanda aka tarar da rai.

15. Ranar ta wuce ban dasa ba, ko na dasa ya mutu. Me zan yi?

Idan Agusta bai ƙare ba kuma ƙasa tana da laima, dasa, amma ka san ban ruwanka zai fara da wuri. Idan Satumba ta shiga, bar dashen a ledarsa a inuwa, kana ɗaga ledar lokaci-lokaci don kada saiwa ta kama ƙasa, ko ka dasa shi a tsakar gida inda ruwa ba ya yankewa.

Wanda ya bushe kuma kada ka yi saurin tuge shi. Kankare ɓawon da farce kusa da gindi: idan ka ga kore, yana da rai, yanke busasshen saman ka ci gaba da ba shi ruwa. Idan ya mutu, tono shi ka duba saiwar, za ka gane ko leda ce, ko gara, ko ƙishirwa. Ramin da shingen ka bar su yadda suke, ka zuba taki a ciki tun bazara, ka sa sabon dashe da ruwan Yuli.